Darasi na 9: Tsamin Kamu da Kindirmo da Yadda Yake Hana Fumfuna

Idan marka ta kama a watan Agusta, duk mai girki a Kakuri ko Sabon Tasha ko Narayi ta san abin da ke biyo baya. Ruwa ya kwana yana zuba, bango ya jiƙe, wanki ya ƙi bushewa. Burodin da aka sayo shekaranjiya, a kwance ledarsa a tarar da ɗigo-ɗigon kore da baƙi a gefensa. Tuwon da ya kwana biyu ya fara fid da farin gashi. Ko takalmin fata da ke ƙarƙashin gado bai tsira ba. Wannan duk aikin fumfuna ne. Amma a lungun ɗakin girkin nan akwai bokitin kamu da aka tace tun makon jiya, ruwa kwance a kansa, ana sauya masa ruwan kowace safiya, kuma lafiyarsa ƙalau. Shi ma hatsi ne kamar tuwon, a jiƙe yake sharkaf, iskar da ke kaɗa su ɗaya ce. To me ya sa fumfuna ta ci wancan ta ƙyale wannan?

Amsar wannan tambaya ita ce darasinmu na yau. Za mu ga su wane ne ke kawo tsami a abinci, da irin sinadaran da suke fitarwa don danne fumfuna. Za mu kuma ga inda ƙarfinsu ya ƙare, kuma a nan ne nake so ku fi kasa kunne, domin a wurin ne lafiyar iyali take.

Masu kawo tsami

Tsami ba ya zuwa da kansa. Wasu ƙananan halittu ne masu rai ke yin sa, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin ɗakin gwaji. Ana ce musu bakteriya. Idan aka jera guda 1,000 a layi, tsawonsu ba zai kai na ƙwayar masara ɗaya ba. Da yawanmu mun saba jin sunan bakteriya a bakin likita, lokacin da ake maganar taifot ko kwalara, shi ya sa muke ɗauka dukkansu cuta ne. Ba haka ba ne. Akwai dangi guda a cikinsu da sana'arsu ita ce cin sukarin da ke cikin madara ko hatsi su mayar da shi asid mai tsami, wanda ake kira asid laktik. Su muke kira bakteriyar tsami a wannan darasi. Suna zaune a jikin hatsi, a ganye, a jikin ƙwarya da tukunya, har da cikin hanjin mutum. A cokali ɗaya na kindirmo mai kyau ana iya samun ɗaruruwan miliyoyinsu.

Wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Swidin, Carl Wilhelm Scheele, shi ya fara ware asid laktik daga madara mai tsami a 1780. A 1857 Louis Pasteur na Faransa ya nuna cewa halittu masu rai ne ke yin wannan aiki. Amma Bafulatanar da ke ɗauko nono daga rugagen hanyar Kachiya zuwa kasuwar Sabon Tasha ta gaji kiwon waɗannan halittu tun kafin a ba su suna. Ku lura da yadda take yin kindirmo. Ta tafasa madara, ta bari ta huce har ta koma ɗumi-ɗumi, ta zuba ɗan ragowar kindirmon jiya, ta rufe ƙwarya da faifai, ta bar ta ta kwana. Tafasawar ta kashe baƙin ƙwayoyin da suka shigo lokacin tatsa. Ragowar jiyan nan kuwa iri ne, ta shuka nata a filin da ta share. Kafin gari ya waye madara ta kama, ta yi kauri, ta yi tsami. Masana'antar yogot ma abin da take yi ke nan, sai dai ita irin nata a leda take sayo shi.

A kamu ba a tafasa komai, don haka tsere ake yi. Ranar da aka jiƙa gero ko dawa ko masara, duk ƙwayoyin da ke jikin hatsin suna farkawa, na kirki da na banza. Cikin kwana ɗaya zuwa biyu sai masu tsami su rinjayi sauran, domin asid ɗin da suke fitarwa su bai dame su ba, amma yana kashe abokan tserensu. Kumfar da kuke gani tana tasowa a kan jiƙo alama ce ta cewa aiki ya kankama. Masu bincike da suka duba ogin ƙasar Yarbawa, wato kamunsu, da kokon gero na arewacin Gana, da makamancinsa a Wagadugu, sun yi ta cin karo da iri biyu musamman: Lactobacillus fermentum da Lactobacillus plantarum. Ku riƙe sunan na biyun, za mu sake haɗuwa da shi.

Akwai ma'aunin tsami da ake kira pH. Ruwa mai tsabta yana kan 7. Duk yadda lamba ta yi ƙasa, tsami ya ƙaru ke nan. Sabuwar madara tana wajen 6.6, kindirmo ko yogot yana sauka zuwa wajen 4.5 ko ƙasa da haka, kamun da ya nuna kuwa yakan sauka ƙasa da 4. A irin wannan tsami, yawancin ƙwayoyin da ke sa gudawa ba sa iya yaɗuwa.

Fumfuna ba ta tsoron tsami kawai

Nan ne maganar ta ɗan karkace. Fumfuna ba bakteriya ba ce, dangin naman kaza ce da yis. Tana yaɗuwa ta hanyar wani ƙurar iri da ke yawo a iska, ya sauka a kan abinci, in ya sami laima da ɗumi da iska ya tsiro da zare-zare, ya nutsa cikin abincin. Launin da muke gani a sama, kore ko baƙi ko ruwan ɗorawa, sabon iri ne take shirin watsawa. Kafin ido ya ga launi, zaren ya daɗe da shiga ciki.

Kuma fumfuna tana jure tsami fiye da bakteriya nesa ba kusa ba. Kowa ya taɓa ganin lemun tsami ya yi fumfuna, alhali ya fi kowane kamu tsami. Saboda haka in da tsami ne kaɗai makamin bakteriyar nan, da bokitin kamu bai kai labari ba. Wannan ne ya sa masana suka koma suna tambaya: ban da asid laktik, me kuma suke fitarwa?

Wani gwaji da aka yi a Bari, a kudancin Italiya, aka buga sakamakonsa a 2000, ya fito da abin fili. Paola Lavermicocca da abokan aikinta sun gasa burodi iri uku, suka sa wa kowanne irin baƙar fumfuna mai suna Aspergillus niger. Na farko da yis kaɗai aka kwaɓa shi. Na biyu yis ne da wata bakteriya mai kawo tsami wadda ba a zaɓe ta don komai ba. Na uku yis ne da wani zaɓaɓɓen iri na Lactobacillus plantarum da suka samo daga ƙullun burodi mai tsami. Na farko ya yi fumfuna bayan kwana 2. Na biyu, duk da tsaminsa, shi ma bayan kwana 2. Na ukun ya kai kwana 7 kafin fumfuna ta fito. Da suka bincika sai suka tarar irin nan yana fitar da wani sinadari mai suna asid fenil-laktik, da wani ɗan'uwansa. Ashe ba kowane tsami ba ne ke hana fumfuna, kuma ba kowane iri ba ne ke da wannan ƙarfi, ko da sunansu ɗaya.

Sinadaran da suke fitarwa

Bari mu fara da asid-asid ɗin, domin su ne manya. Bakteriyar tsami kashi biyu ce. Wasu asid laktik kawai suke yi. Wasu kuma, irin su Lactobacillus fermentum, suna haɗawa da asid asetik da iskar kabon, wato kumfar nan ta kan jiƙo. Asid asetik shi ne tsamin binega, kuma wajen yaƙi da fumfuna ya fi laktik ƙarfi ƙwarai.

Ga yadda yake aikinsa. Kowace ƙwayar fumfuna tana da wata siririyar fata da ke tsare abin da ke cikinta, ba ta barin kome ya shiga sai wanda ta ga dama. Idan abinci ya yi tsami, asid asetik yana kasancewa a wani yanayi da zai iya ratsa wannan fata ya shige. Da ya shiga, sai ya tarar ciki ba tsami, sai ya rabe biyu ya saki tsaminsa a can, kuma a wannan sabon yanayi ba ya iya fitowa ta inda ya shiga. Fumfuna ta shiga aikin fitar da tsamin waje, wani na ƙara shigowa. Ƙarfin da za ta yi girma da shi duk ya ƙare a wannan fama, sai ta tsaya cak. Ku lura da haɗin kan da ke nan: laktik ne ke saukar da lambar tsami, saukar lambar kuma ita ke buɗe wa asetik hanya. Shi ya sa kamun da bai gama nuna ba ya fi saurin lalacewa. Akwai wasu asid na wannan layi, irin su furofiyonik da kafuroyik, masu aiki ta hanya ɗaya. Gishirin furofiyonik ɗin nan shi ne hodar da gidajen burodi da yawa ke sawa a kwaɓi don burodi ya daɗe.

Sai ƙananan sinadarai, waɗanda ake samu kaɗan-kaɗan. Fenil-laktik mun ambace shi. A 2002, a jami'ar aikin gona da ke Uppsala a Swidin, ɗakin binciken Johan Schnürer ya ware wani irin Lactobacillus plantarum daga ciyawar dabbobi da aka cusa aka rufe ta yi tsami, suka sami fenil-laktik a tare da shi da wasu guntayen furotin biyu masu siffar zobe, duka masu danne fumfuna. A 2003 suka sake ba da rahoton wasu sinadarai dangin kitse daga wani irin, waɗanda ɗan kaɗan ɗinsu ke isa ya hana fumfuna da yis girma. Akwai kuma riyutarin, wanda aka bayyana a Amurka a 1988, wanda Lactobacillus reuteri, mazauniyar hanjin mutane da kaji da sauran dabbobi, ke yi idan ta sami gilisarin. Wasu irin suna fitar da haidirojin feroksayid, ruwan nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi a kemis. Wasu suna fitar da dayasetil, sinadarin da ke ba man shanu ƙamshinsa.

Ba lallai ne ku haddace waɗannan sunaye ba. Abin riƙewa shi ne, yawan kowane ɗaya daga ƙananan nan a cikin abinci bai kai ya tsayar da fumfuna shi kaɗai ba. Taruwarsu wuri guda, a cikin tsami, ita ke yin aikin.

Akwai wata dabara ta daban da ba ta sinadari ba, kuma ni a ganina ta fi duka ban sha'awa. A 2020 masu binciken kamfanin Chr. Hansen na ƙasar Denmak, wanda a lokacin yake sayar wa masana'antun madara irin yogot, sun nuna cewa wasu bakteriyar tsami suna wawushe manganis da ke cikin madara. Manganis ma'adini ne da fumfuna da yis ke bukata kafin su girma, kuma dama kaɗan ne a madara. In aka riga su kwashe shi, sai yunwa ta tsayar da su. Da masu binciken suka ƙara manganis a cikin yogot ɗin, sai yis da fumfuna suka ci gaba da girma abinsu. Irin waɗannan zaɓaɓɓun bakteriya yanzu ana sayar da su, ana sa su a yogot don ya ƙara kwanaki ba tare da an zuba sinadarin adanawa ba. A garin da wutar lantarki ba ta da tabbas, firji ya yi sanyi yau gobe ya huce, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ya kamata a ce jami'o'inmu sun tace mana irin namu daga kamu da kindirmon da muke da su, an sa a ƙananan leda mai sana'a ta saya.

Ruwan da ke kan kamu

Saura abu ɗaya da ke hannun mai girki, ba hannun bakteriya ba. Fumfuna ba ta girma sai da iska. Bakteriyar tsami kuwa ba ruwanta da iska, ta ma fi sakewa in babu. Ruwan da ke kwance a kan kamu yana raba shi da iska, sauya ruwan kullum kuma yana kwashe irin fumfuna da ya faɗo da yis da ke taruwa a sama. Duk wadda ta taɓa yin tafiya ta bar bokitinta ruwan ya ƙafe ta san abin da za ta tarar: gefen da ya fito fili, da ɗan ƙullun da ya manne a jikin bokiti sama da ruwa, nan ne launi ke fara fitowa. Saboda haka a riƙa goge gefen bokiti, ruwa ya haye kamu sosai, a ɗiba da ludayi mai tsabta, a rufe.

Yis ma yana jure tsami, kuma shi ba ya damuwa da rashin iska. Shi ne ke kumbura robar kunun zaƙi. Mai talla ta fito da safe a tashar mota ta Sabon Tasha ko kasuwar Monday ta Kakuri da kunu a robobi cikin kula, ƙanƙara ta narke kafin la'asar, robar da ta rage ta yi tauri tam, in aka buɗe ta yi tsartuwa, ɗanɗanonta ya koma yaji-yaji. Sukarin da aka ƙara ne yis ya samu. Tsohuwar robar da ba a wanke da ruwan zafi da sabulu ba tana ɗauke da yis ɗin jiya zuwa kunun yau. Mai wannan sana'a ta yi daidai wanda za ta sayar a yini, kada ta haɗa ragowar jiya da sabo.

Gwajin da za ku yi a gida

Ku sami robobi uku masu murfi, waɗanda ake ganin ciki. A ta farko ku sa kamu cokali uku, ruwa ya rufe shi, ku riƙa sauya ruwan kullum. A ta biyu ku sa kamu cokali uku ku tsiyaye ruwan gaba ɗaya. A ta uku ku sa ɗan gutsuren tuwo. Ku bar su a buɗe na awa ɗaya, sannan ku rufe ku ajiye wuri ɗaya inda yara ba za su kai ba. Kowace safiya ku duba ta jikin roba ku rubuta abin da kuka gani, har kwana 5. Wadda ta yi fumfuna kada a buɗe ta a shinshina, kada a ɗanɗana. A ƙarshe a haƙa rami a binne abin da ke ciki.

Inda ƙarfin tsami ya ƙare

A wurin injin markaɗe ana yawan jin magana irin wannan. Yaron inji ya duba bokiti ya ce, "Mama, wannan masarar fa ta sha ruwa, dubi yadda bakinta ya yi baƙi." Ita kuma ta ce, "Markaɗa kawai, ɗana. Ai ta kwana uku a jiƙe ta yi tsami, kuma wuta za ta ci ta." Ba mugunta ba ce ta sa ta faɗi haka. Hatsi ya yi tsada, zubar da mudu guda ba wasa ba ne. Amma a wannan magana yaron ne ke da gaskiya.

Tsami mai gadi ne a bakin ƙofa: yana hana ɓarawo shiga, amma ba ya dawo da abin da aka sace kafin a ɗauke shi aiki. Wasu irin fumfuna, tun hatsi yana gona ko yana cikin buhu, suna zuba guba a cikin ƙwayar. Mafi muni ita ce afalatoksin, wadda Aspergillus flavus ke yi, fumfuna mai launin kore-kore da ɗorawa da ke son masara da gyaɗa. Duniya ta san da ita ne a 1960, lokacin da talo-talo kusan 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Birazil. A wancan zamani dalar gyaɗa na tsaye a Kano, don haka cikin shekarun 1960 masu bincike a Samaru ta Zariya suka duƙufa kan gano yadda fumfunar ke shiga gyaɗar Arewa. Afalatoksin ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano. Tafasa ba ta kashe ta, suya ba ta gama da ita. Ko fumfunar ta mutu, gubar na nan.

Idan aka ci da yawa a lokaci guda, hanta ce ke lalacewa, ido ya yi ɗorawa, ciki ya kumbura. A gabashin Kenya a 2004, mutum 317 suka kwanta bayan cin masarar da aka adana da laima, 125 suka rasu. Idan kuma kaɗan-kaɗan ake ci shekara da shekaru, tana jawo dajin hanta, kuma haɗarin yana ninkuwa ga wanda ke ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Wani bincike kan yara 480 a Benin da Togo, wanda aka buga a 2002, ya sami alamar gubar a jinin kusan dukkansu, kuma waɗanda suka fi tsumburewa su ne suka fi yawanta. Ku tuna da me muke yaye yara a nan: koko da kunun gyaɗa. Don ku gane ƙanƙantar abin da ke cutarwa, dokar Amurka ba ta yarda afalatoksin ta wuce kashi 20 cikin biliyan a abinci ba. Wato giram 20 ke nan a cikin buhu 10,000 masu kilo 100. Tarayyar Turai kuwa kashi 4 cikin biliyan ta yanke wa gyaɗar da za a ci kai tsaye.

Gaskiya ne yin kamu yana rage guba. Amma mafi yawan ragin daga hannun mai aikin yake zuwa: tsince ruɓaɓɓu, surfe, kwashe waɗanda suka taso kan ruwa, wanki, zubar da ruwan jiƙo, da tace dusa. Wata gubar masara mai suna fumonisin tana narkewa a ruwa, don haka ruwan jiƙon farko na zubarwa ne, kada a markaɗa da shi. A ɗakin gwaji an ga wasu bakteriyar tsami suna manne afalatoksin a jikinsu, amma riƙo ne kawai, ba su rusa ta ba, kuma tana iya kuɓucewa. Babu wanda zai iya duban bokitinsa ya ce kaza ya ragu. Hatsin da fumfuna ta ci, tsami ba ya mayar da shi abinci.

Kuma gubar ba ta bazu daidai a cikin buhu ba. 'Yan ƙwayoyi ƙalilan ne ke ɗauke da mafi yawanta: masu huda, fasassu, motsattsu, masu baƙi ko kore a baki. Wake ɗaya ke ɓata gari, a nan maganar a zahiri take. Wannan kuwa labari ne mai daɗi, domin yana nufin tsinta a faifai, aikin da ba ya cin ko kwabo, tana kwashe kaso mai yawa na haɗarin.

Sai dai a kula da inda tsintar ke zuwa. Mun saba watsa wa kaji, ko a haɗa da dusa a ba akuya da saniya. Kaji suna ramewa su rage ƙwai. Saniyar tatsa kuwa, in ta ci, wani ɓangare na gubar yana fitowa a madararta, kuma tafasa madara ko mayar da ita kindirmo ba ya kawar da shi. Abin da aka hana yaro a koko sai ya dawo masa a fura da nono. Ruɓaɓɓen hatsi binne shi ake yi ko a ƙone.

Da yawa daga cikinku suna noma a bayan gari, ko 'yan'uwa na aiko muku da buhu daga gida bayan kaka. A cire masara da zarar ta bushe, kada ta kwana a ƙasa. A shanya a kan tamfol ko siminti, har laimarta ta sauka zuwa kashi 13 cikin 100 ko ƙasa. In ba na'urar awo, a sami busasshiyar kwalba, a zuba hatsi da busasshen gishiri cokali biyu, a rufe a girgiza, a bari ya ɗan jima a sake girgizawa. In gishiri ya manne a jikin kwalba, hatsin bai bushe ba, a mayar da shi rana. Buhu ya hau katako, kada ya jingina da bango. Buhunan PICS masu leda biyu a ciki suna hana iska da ƙwari, amma busasshen hatsi kaɗai ake sa musu. Akwai kuma Aflasafe, wanda cibiyar IITA ta Ibadan ta samar: ƙwayoyin dawa ne masu launin shuɗi da ke ɗauke da irin Aspergillus flavus na ƙasar nan marar guba. Ana watsa kilo 10 a hekta, mako 2 zuwa 3 kafin amfanin gona ya yi fure, sai marar gubar ya riga mai gubar kama wuri. Ku tambayi malamin gona na yankinku inda ake samunsa.

Tambayoyi

1. Me ya sa mai yin kindirmo take tafasa madara kafin ta zuba ragowar na jiya?
2. A gwajin burodi na Bari, burodi na biyu yana da tsami amma ya yi fumfuna bayan kwana 2. Me wannan ya nuna?
3. Bayyana da bakinka yadda asid asetik ke tsayar da fumfuna, da taimakon da asid laktik ke ba shi.
4. Maƙwabciyarki ta ce za ta yi wa jaririnta kamu da masarar da ta yi baƙi, tunda za ta yi tsami kuma za a dafa. Me za ki ce mata?

Mako mai zuwa kowa ya zo da gwangwani ɗaya na masara ko gyaɗar da ake ci a gidansa yanzu, da faifai ko tire. Kada a tsince kafin a zo, kada kuma kowa ya ji kunyar abin da za a gani a nasa. Za mu baje a aji mu tsince tare, mu ƙirga nawa ne masu kyau nawa ne na zubarwa a cikin kowace ƙwaya 100. Masu sana'ar koko da kunu da ƙuli-ƙuli, don Allah ku zo da na sana'ar, domin 'ya'yan mutane da yawa ne ke karyawa da abin da ya fito daga hannunku.